Na Ce Musu Wanda Bai Ji Daga Gare Ni Ba Lafiyarsa Ƙalau

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu. Ina fatan kowa yana lafiya. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagi ban hana ba, sai dai ina gaya muku gaskiya, ko kun yi ba zai shige ni ba, don kwanakin nan ba na jin komai. Shawara nake nema.

Ni likita ce a nan Azare, ina daf da kammala horon zama ƙwararriya a kan ciwon ƙoda. Ga wanda bai sani ba, bayan ka gama karatun likita, in kana son ka zama babban likita sai ka ƙara wasu shekaru kana aiki kana karatu, kuma ba za a ba ka shaida ba sai ka yi bincike naka na kanka, ka rubuta kundi, ka je gaban manya ka kare shi. Ni ban sha wahalar zaɓen abin da zan bincika ba. Iyayenmu daga Yobe suka zo suka zauna a garin nan, kuma ciwon ƙoda ne ya yi ajalin mahaifina ina jami'a. Sai da ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya daina shigarsa, sannan aka san abin da yake damunsa. Ciwon haka yake, yana cin mutum shekaru shiru, mutum yana noma yana cin tuwonsa. Don haka na ce ni ƙauye zan shiga, in auna mutanen da suke ganin lafiyarsu lau, in ga nawa ne ciwon ya fara kamawa ba su sani ba.

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da na je wani ƙauye can bayan Bulkachuwa. Mai gari ya tara mini jama'a a makarantar firamare, muka jera benci, muka fito da allurai da kwalabe, amma aka rasa wanda zai matso. Wani daga baya ya ce, “Mun saba. Za ku ɗebi jininmu ku tafi, ba za mu sake ganin ƙeyarku ba.” Aka yi dariya. Sai wani dattijo manomi, zan kira shi Malam Buba, ya taso ya naɗe hannun rigarsa ya zauna a gabana. Ya ce, “Ɗebi, 'yar nan, ai ba ƙarewa zai yi ba.” Ya waiwaya ya kira ƙaninsa, Malam Idi, ya ce, “Kai kuma uban tsoro, taho, ba yanka ka za a yi ba.” Daga su biyun nan layi ya ɗauka. Ina manna wa Malam Buba auduga ya ce, “To Likita, in kun duba, ta yaya za mu ji?” Sai na miƙe tsaye, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, “Duk wanda muka ga matsala a jininsa ko fitsarinsa, ni da ƙafata zan dawo in same shi. Wanda kuwa bai ji daga gare ni ba, ya kwantar da hankalinsa, lafiyarsa ƙalau.” Mai gari ya maimaita da Fillanci saboda matan da ke zaune a gefe. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, ban san abin da na ɗaura wa kaina ba.

Sakamako ya fito. Mutum goma sha ɗaya ne ƙodarsu ta fara taɓuwa. A bincike ba a aiki da suna, lamba ake ba kowa, sunayen suna cikin wani littafi daban a hannuna. Na buɗe littafin, na fitar da sunayensu a takarda ɗaya da jan biro, na sa a fayil, na ce ranar Asabar zan je. Kafin Asabar aka yi ruwan da ya yanke hanya, ko masu babur ba sa shiga. Da hanya ta bushe jarrabawa ta taso. Da jarrabawa ta wuce aka tura ni Kano wata shida koyon aikin wankin ƙoda. Duk wannan gaskiya ne, amma kada ku ɗauka uzuri nake kawowa. Wane ne ya hana ni kiran mai gari a waya? Ina da lambarsa. Wane ne ya hana ni ba wani abokin aiki takardar? Na dawo daga Kano shekara ta zagayo, daga nan kuma ba hanya ba ce ta tsare ni, kunya ce. Da wane ido zan je in ce wa mutum tun bara na san ƙodarka tana lalacewa? Kullum sai in ce mako mai zuwa, har na daina faɗa, har na daina buɗe durowar da fayil ɗin yake ciki.

Da na zo rubuta kundi, akwai wurin da dole ka faɗi abin da ka yi wa waɗanda ka samu da ciwo. Na rubuta cewa an sanar da su duka, an kuma haɗa su da asibiti. Babban likitan da yake kula da aikina, Cif muke ce masa, mutum ne mai bin ƙwaƙƙwafi. Yana karantawa ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Dakta, kin koma musu da kanki?” Na ce, “Na koma, Cif.” Ya ce, “Madalla. Wannan shi ne bambancin likita da mai neman takarda.” Ya sa hannu. Ko gezau ban yi ba, na karɓi kundina na fito na wuce duba marasa lafiya.

Watan jiya aka yi taron shekara na likitoci masu neman ƙwarewa, kowa ya gabatar da bincikensa, aka ce nawa ne ya zo na ɗaya. Kun san abin da alƙalan suka fi yabawa? Wai ban tsaya a lissafi ba, na bi mutane har gida na ceto su. Aka kira sunana, aka tafa, na hau na karɓi lambar yabo, aka ɗauki hoto ina murmushi. Na yi zaton zan ji wani abu, ko daɗi ko tsoro. Babu. Kamar wata ce aka kira, ni kuma na raka ta. Gidan rediyo suka yi hira da ni. Hajiyarmu ta rataye lambar a falo, duk wadda ta shigo sai ta nuna mata, tana share hawaye tana cewa, “Ciwon Alhaji bai tafi a banza ba.” Ni kuwa ina zaune ina cin dambun da ta yi mini ina cewa amin.

Makonni uku da suka wuce aka kawo wani dattijo a kumbure, numfashi yana sarƙe masa, ƙodojinsa duka biyu sun tsaya. Ban gane shi ba, fuskar ta canza. Shi ne ya gane ni. Bayan an yi masa wanki na biyu ya ɗan dawo hayyacinsa, ina duba hannunsa ya ce, “Ashe ke ce, 'yar nan? Ni ne na fara ba ki jini.” Na dubi sunan da ke jikin fayil. Ba sai na je durowa ba, na san shi ne na uku a takardar nan, ƙaninsa Malam Idi kuma na bakwai. Na ce, “Sannu Baba, ya jiki?” Na gyara masa ruwan da ake ƙara masa na wuce gado na gaba. Wace irin mace ce ni?

Ban ce da na koma ba zai taɓa kwanciya ba, wannan sanin Allah ne. Amma na san aikina. Da an saukar masa da hawan jini, da an raba shi da ƙwayoyin ciwon jiki da yake sha kullum in ya dawo gona, da wataƙila yana da sauran shekaru a kan ƙafarsa. Matarsa ta ce mini tun bara yake yawan kasala da ciwon kai, ta ce masa ya zo asibiti, ya ce ai likita ta auna shi, kuma ba ta aiko ba. Ashe ba mantawa da su kawai na yi ba. Shiruna saƙo ne, kullum yana isa gare su yana ce musu ku ci gaba da harkarku.

Shi kuwa bawan Allah, alfahari yake yi da ni. Ya ji hirar rediyon. Duk wanda ya zo duba maƙwabcin gadonsa sai ya nuna ni ya ce, “Kun ga likitar nan? Lambar da aka ba ta, da jinina a ciki.” Shekaranjiya da hantsi ina zagaye ya riƙe gefen farar rigata ya ce, “Likita, in tambaye ki mana. Wancan lokacin, me kika gani a nawa jinin?” Ɗakin cike da mutane, ma'aikaciyar jinya tana tsaye a bayana. Bakina ya riga ni. Na ce, “A lokacin lafiya lau ne, Baba.” Ya gyaɗa kai ya ce, “Haka na ce musu. Daga baya Allah ya kawo abinsa.” Sai ya lalubo wayarsa a ƙarƙashin filo ya ce, “Bari in haɗa ki da matsoracin nan. Tunda ya ga na kwanta ya hana kansa sakat, wai shi ma yana ganin kumfa a fitsarinsa, wai sai ya zo an duba shi. Na ce masa ai tare aka auna mu. Ki faɗa masa da bakinki ya bar mu mu huta.”

Ya danna ya miƙo mini. Muryar Malam Idi ta fito, ina jin kukan awaki a bayansa. Muka gaisa, ya yi mini murnar lamba. Ya ce, “Likita, Yaya ya ce babu komai ko? To Alhamdulillahi, na fasa zuwa. Dama buhunan gero kawai nake jira in ɗinke, ranar Laraba zan bi mota kudu cirani, ba zan dawo ba sai ruwa ya sauka. Ki riƙe mini Yaya amana.” Ga shi nan, kalma biyu ce kawai: ka zo. Yayansa yana kallona yana murmushi, ma'aikaciyar jinya tana jira da fayil a hannu. Na ce, “Allah ya kiyaye hanya, Malam.” Na mayar da wayar, na ƙarasa zagayena, na je na ci abincin rana, na cinye tas.

Na san wasunku za su ce abin ai mai sauƙi ne, ki kira shi a ɓoye ki ce ya zo a sake gwaji. Na yi wannan tunanin. Amma su biyun nan ba sa ɓoye wa juna komai. Ina kiran ƙanin, yayan zai gane akwai abin da na gani, zai kuma tambayi kansa shi fa. Sannan sauran taran? Ban ma san ko duk suna raye ba. In na tara mutum goma daga ƙauye ɗaya na kawo su asibiti, Cif zai nemi tsohon sakamakonsu, kuma kwanan wata yana jiki. Daga nan sai kwamiti. Za a karɓe lambar, wannan bai dame ni ba. Za a soke kundin da zan kare nan da wata biyu, wataƙila a kore ni daga horon gaba ɗaya bayan shekarun da na zuba, a taɓa mutuncin Cif da ya sa hannu don ya yarda da ni, Hajiya kuma ta sauke abin da ta rataye a falo da hannunta. Na jera duk wannan a raina, na jera mutum goma a ɗaya gefen, na san wanda ya fi nauyi. Ba jahila ba ce ni. Amma sanin bai motsa ni ba, kuma wannan ne yake ba ni tsoro, in ma tsoron ne nake ji.

Na yi sallah na roƙi gafara, sai na ji kamar ina karanta takardar wani. Ta yaya zan nemi yafiyar abin da har yanzu ina kan aikata shi? Mijina ya tambaye ni me ya sa na yi shiru kwana biyu, na ce gajiya ce. Jiya na fito da takardar daga durowa, jan biron har ya fara dusashewa. Na kwafi lambar Malam Idi daga fayil ɗin yayansa, don shi aka rubuta a matsayin wanda za a kira in wani abu ya faru. Sau huɗu ina danna lambar ina gogewa.

Ku gaya mini ta inda zan fara. In fara shiga ofishin Cif in ajiye masa takardar, ko in fara tsayawa a gaban gadon Malam Buba in ce masa Baba ƙarya na yi maka sau biyu? Mutumin da jininsa yake bin inji yana dawowa, zai iya ɗaukar wannan maganar? Ko in rufe ido in kira ƙanin kawai, duk abin da zai biyo baya ya biyo? Yau Litinin. Jibi Malam Idi zai hau mota da ciwon da na san yana jikinsa, yana ganin likita ta ce masa babu komai.

Don Allah, me zan yi?