Na Soye Irin Kabewar Surukata

Assalamu alaikum Anti Adawiyya. Don Allah ki agaza mini, kunya na nema ta kashe ni a tsaye.

Ina aure a Funtua, surukata kuma, wadda muke kira Inna, tana Maska. Da kakar nan ta aiko mini da wata shirgegiyar kabewa mai jan ciki. Ta bugo waya ta ce in yi miyar taushe, amma in wanke 'ya'yan in shanya mata, don bana ruwa ya kwanta a bayan gidanta, wannan kaɗai ta tsira, irin kuma tun na mahaifiyarta ne. Wallahi da bakina na ce to.

Ni kuma uwar iyawa, sai na ga wani kek na kabewa a waya, marar nauyi, ba a yi masa shimfiɗar fulawa a ƙasa. Na dafa kabewar na dame ta, na fasa ƙwai, na zuba madara, kirfa, citta da ɗan suga, don Inna ba ta son zaƙi. A tukunya na gasa, da yashi a ƙasa, kan gawayi. Ya yi kyau, Anti! Mai koyarwar ta ce a soya 'ya'yan a barbaɗa a kai. Hankalina ya tafi wajen ado, na ɓare su tas na soye, ko ɗaya ban rage ba.

Maigida ya kai mata. Ta ci, ta raba wa maƙwabta, ta bugo tana ta sa mini albarka. Sannan ta tambayi irinta. Na ce suna shanya. Baiwar Allah ta cinye irinta ba ta sani ba, ni kuma na ɗora ƙarya a kai. Ko maigida ban gaya wa ba. Ƙawata ta ce in sayi kabewa a kasuwa in ba ta 'ya'yan, wa zai gane? Yaya zan yi?

Mai Jin Kunya, Funtua

Wa alaikumus salam 'yata. Ba mugunta kika yi ba, kin so ki faranta mata ne ɗoki ya ja ki. Amma ki dube ta ita ma: ba kabewa kawai ta rasa ba, abin da ya rage mata na mahaifiyarta ne.

Shawarar ƙawarki ki watsar da ita. Inna za ta shuka, ta yi ta lallaɓa yaɗo har kaka, ta yanka ta ga baƙuwa. Ranar ba iri kaɗai za ta rasa ba, har da yarda da ke.

Ki fara gaya wa maigidanki. Ku je Maska da ƙafarku, ban da waya. In nauyinta ya hana ki buɗe baki, ki tafi da gwaggon maigidan ta fara, amma maganar shanyar nan ke za ki warware ta da kanki. Tsofaffi masu ajiye iri sukan ɗiba wa 'ya'yansu da maƙwabta, ki tambayi wa ta taɓa ba, ki bi gida-gida ki roƙo. In ba a samu ba, ki bar ta ta yi fushinta, kada ki kuskura ki ce ai kabewa ce kawai. Tsugunnawa dai za ki yi, ki ba ta damar yafe miki da saninta.

Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya bar ku tare cikin mutunci.

Anti Adawiyya