Garkena na Cikin Gilashi

Abijan, 12 ga Maris 1976

Baffa Dikko,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da mutanen Guci? Jar saniyar da fari ya bar mana ta haihu kuwa?

Lafiyata ƙalau, sai kewar nono da hirar gida.

Baffa, na koma kiwo! Nasaran da nake wa aiki yana da ƙananan kifaye a akwatin gilashi, na kallo kawai. Suna haihuwa suna cinye 'ya'yan, har ya fara zargina da sakaci. Sai na tuna yadda kake ware maruƙa. Na ware su, ina ba su gwaiduwar ƙwai. Arba'in sun rayu!

Yi dariyarka, Baffa. Tun shekarar fari, wannan ne garken farko da nake ƙirgawa da safe in same shi cif.

Allah ya sada mu.

Ɗanka,
Gidaɗo