Burodin Zabibi na Jafaru

Dublin, Nuwamba 1975

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba, yaya su Auta da mutanen Daura? Ina lafiya. Sanyi kan hana ni barci, amma kada ku damu. A dai aiko mini yaji.

Inna, ɗanku da bai taɓa hura wuta ba ya gasa burodi! Tsohuwar da nake haya a gidanta ce ciwon hannu ya kama, ga wani bikin mutanen nan na shekara-shekara ya zo, sai ta koya mini. Na jiƙa zabibi a shayi ya kwana, na kwaɓa, na gasa. Ta ɗanɗana ta ce, "Ko ni sai haka."

Suna ɓoye zobe a ciki, wai wanda ya samu aurensa ya kusa. A rabona ya fito. Ku gaishe mini da gidan su Kubura.

Allah ya ƙara girma.

Jafaru