Inna, Ina Neman Tsayin Katangarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Autanki ne, Habu, daga Wheaton ta Amurka. Rubutun nawa kin san shi, na ɗan firamare ne, kuma wasu za su gani su yi dariya. Su yi. Ke nake wa magana.

Inna, layinmu na Barikin Audu babu shi. Yaya Hajara ce ta faɗa mini a waya. Bayan dutse mai daraja da ake haƙowa ya ƙare a ramukan bayan gari, wani ya ce ya tsinci mai wuta a ciki, irin wanda ake juyawa ya ba da kore da shuɗi, a gindin shagon tela. Kafin a ankara an haƙe titin gaba ɗaya. Damina ta zo ta ƙarasa sauran. Ta ce yanzu ko akuya ba ta bi ta wurin.

Tun ranar zama ya gagare ni. In ina jera kaya a shagon da nake aiki, sai in ga ina jera layin a kaina, shago bayan shago, kuma kullum sai na rasa ɗaya. Ba ni da hoton wurin ko guda. Ke kin tafi ban samu zuwa ba, ga shi wurin da kika yi zamanki ma ya bi ki.

Shi ne na fara gina shi a kan tebur, a gaban tagar ɗakinmu. Kwalin shago ne bango. Gwangwanin lemo nake yankawa in bubbuge ya zama kwanon rufi. 'Yan sandunan motsa kofi su ne bencin mai shayi da rumfar mahauta. Jar ƙasa ce ta wahalar da ni, sai da na daka guntun bulo na tankaɗe.

Na yi masallaci. Na yi shagon tela da ƙofarsa da ba ta rufuwa. Na yi teburin mutanen Senegal masu sayen dutse, har da farin ƙyallen da suke shimfiɗawa. Na yi gidan Alhaji Tanimu mai injin niƙa. Duk waɗannan sun zauna, ba su yi mini gardama ba.

Katangar gidan Alhajin ce ta hana ni sakat, wadda kike kafa murhu a gindinta.

Ban taɓa auna ta ba, wa yake auna katanga yana yaro? Inuwarta na sani. Da an kira azahar take sauka a kan murhunki, daidai lokacin da masu haƙa suke fitowa fari fat kamar an tona su, kowa da kwanonsa, shinkafa da wake da mai da yaji. Kina cewa, "Wanke hannu tukuna, ƙasar rami ba gishiri ba ce." In wani ya tambayi lokaci kuwa, ko ɗaga kai ba kya yi. "Dubi ƙasa. Inuwa ba ta ƙarya, agogo ne ke mutuwa."

To da maganarki na yi aiki. Na daidaita teburin gabas da yamma yadda layin yake, na kafa katanga, na aje tsakuwa uku a matsayin murhu. Ranar hutuna na zauna ina jiran azahar.

Lokacin sanyi ne. Inuwar ta zo a karkace, ta wuce murhu, ta haye titi har ta taɓa rumfar mahauta. Na ce na cika tsayi. Na yanke kan katangar. Wani makon ma ta wuce, na ƙara yankewa, har ta koma wadda ɗan akuya zai tsallake. Na san ba haka take ba, amma inuwa ba ta ƙarya.

Da ganye ya fara fitowa a bishiyoyi, sai inuwar ta daina kaiwa murhun. Na liƙa kwali na ƙara tsayi. Bayan 'yan makonni ta sake gazawa. Inna, a nan tsoro ya kama ni. Na ce ba katanga ba ce, kaina ne. In abin da na fi tabbata da shi yana motsi haka, to tela fa? Masallacin fa? Wataƙila garin da na gina ba a taɓa yin sa ba.

Baba Sale ne ya fitar da ni. Dattijo ne ɗan Maraɗi, direban tasi, ɗaki ɗaya muke. Tun farko yake kiran abin birnin tururuwa, yana tambaya ko an naɗa musu hakimi. Wata rana ya shigo ya same ni da almakashi a hannu, ya tsaya yana kallo yana cin gyaɗa. Ya ce, "Kai ɗan Najeriya, mi katangar ga ta yi maka?" Na yi masa bayani. Ya yi dariya har da tari. "Ranar garinku ka taho da ita cikin akwati? Wagga rana ba tamu ba ta. Ka taɓa ganin ta hau tsakar ka?"

Na fita waje na tsaya wurin ajiye motoci. Shekaruna a ƙasar nan ban taɓa lura ba. Ranarsu ta gefe take bi, kamar mai jin kunyar surukai. Da sanyi ta yi ƙasa ta kudu, da zafi ta ɗan ɗago. A gida inuwata takan shige ƙarƙashin ƙafata da rana tsaka. A nan kullum tana gefe tana bi na.

Ba ki yi ƙarya ba, Inna. Ni ne na tambayi baƙuwa hanyar gidanmu.

Na ji sanyi, amma bai daɗe ba. Katangar ta sha yanka da liƙi har na manta yadda na fara ta, kuma ma'aunin da na dogara da shi ya tashi. Na yi kwanaki ina zagaya teburin. A bas ina tunani, a sallah ma, Allah ya yafe mini.

Sai na tuna faifanki. In kin gama tsince wake kina ɗora shi a kan katangar saboda kaji. Sai kin yi ɗage, yatsunki kawai ke kaiwa, kina cewa, "Alhaji ya gina wannan don raƙuma." Ke nan tsayin katanga shi ne tsayinki, da hannu, da ɗage.

Nan na tsaya. Inna, ban san tsayinki ba. A idona har yau ke ce babba, ina ɗaga kai in dube ki.

Na sayi katin waya na kira Yaya. Na tambaye ta tsayinki. Ta ce ranar da zan tafi, da muka tsaya a tasha kina gyara mini wuyan riga, ta lura ɗankwalinki a kunnena ya tsaya. Ta ce ta so ta tsokane ni, kuka ya hana ta.

Na jingina da bangon ɗaki na sa Baba Sale ya yi alama da fensir daidai kunnena. Bai yi tsokana ba ranar. Daga alamar na ƙiyasta hannu da ɗage, na rage shi zuwa girman teburin, na yanka sabon kwali. Katanga ta tsaya, kuma da na duƙa na kalle ta daga wajen murhu, ƙirjina ya ce ita ce.

Sai jiya na tuna wani abu. Ranar tashar ina sanye da sabon takalmin nan mai tudu da kika sa aka sayo mini, wai kada in shiga ƙasar mutane da silifa. Da ɗankwalin kuma, ban san nawa ya ƙara miki ba. Almakashin yana kan tebur tun safe. Na ɗauka na aje, na ɗauka na aje. Ban taɓa ta ba tukuna. Ina ganin zan bar ta haka, takalmin da ɗankwalin su biya wa juna.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi. Ya saka miki da kowace loma da kika zuba wa mai yunwa a bakin layin nan. Ni kuma ya kwantar mini da zuciya, ya haɗa mu a inda zan tsaya kusa da ke in gani da idona.

Wassalam.

Autanki,
Habu