A Bari Abba Ya Ci Abinci Kafin a Ba Shi Magani

Zuwa ga Shugabar makarantar firamaren da ɗan yayata yake karatu, a arewacin Manchester.

Ranki ya daɗe,

Ina gaishe ki da kyau, ke da malamai da ma'aikatan ofis, da fatan aiki yana tafiya lafiya. Ni ne saurayin nan mai rigar aiki ruwan lemo da kike gani a bakin ƙofa kullum ƙarfe uku da kwata. Ɗaukar kaya nake yi a wani sito a Cheetham Hill. Karatuna bai yi nisa ba, shi ya sa na rubuta da Hausa, wata 'yar'uwa za ta juya miki ita zuwa Turanci. Na bar wasiƙar a buɗe ne don iyayen da ke ƙaura da yara daga wani gari zuwa wani su gani. Ba zan faɗi sunan makaranta ba, ba kuma zan faɗi na yaron ba. A gida Abba muke ce masa. Shekararsa bakwai, yana shan maganin ADHD, wato larurar rashin natsuwa da kasa zama wuri ɗaya, kuma yana ramewa a gaban idona.

Na ɗaya. Ba da maganin nake faɗa ba. Da farko ma ni na fi kowa ƙin sa. Na ce wa yayata ƙiriniya ce kawai, mu ma mun yi, har mun fi shi. Amma ina tare da su a unguwar Selly Oak ta Birmingham lokacin da ake kiranta daga wurin aiki sau biyu a mako ta zo ta ɗauke shi daga makaranta, ni ne kuma na cafko shi ranar da ya faɗa titin Bristol Road a guje bai duba hagu ko dama ba. Bayan an fara ba shi magani na gan shi ya zauna ya zana bas har ya gama tayoyinta. Gani ya kori ji. Na yi shiru tun daga ranar.

Na biyu, takardar. A makarantarsa ta Birmingham ajinsu na cin abinci ƙarfe sha ɗaya da rabi. Likita ta rubuta a ba shi ƙwayar rana ƙarfe sha biyu, don a lokacin ya riga ya ci. Da muka dawo nan, takardar ta biyo mu yadda take. Amma a makarantarki ajin su Abba sai ɗaya saura kwata suke cin abinci. Wato ana ba shi magani cikinsa ba komai, kafin a ajiye masa abinci maganin ya riga ya kama, ya ɗauke masa sha'awar ci. Babu wanda ya yi mugunta. Agogo ne ya saɓa, ba wanda ya waiwaya.

Na uku, kuma wannan laifinmu ne, ba zan ɓoye ba. A gidanmu ba a dawo da abinci. Yaron da ya dawo da kwano da saura ya raina mai girki, haka aka tarbiyyantar da mu, haka muka tarbiyyantar da shi. Saboda haka kullum robar abincinsa fes take dawowa daga makaranta, ni kuma ina buɗewa a hanya ina ce masa namijin duniya. Wandonsa ya fara zamewa, na huda masa bel da ƙusa a sito, na ce tsawo yake yi. Na sake hudawa karo na biyu, nan ne hankalina ya ƙi kwanciya. Sai wata Laraba uwar wani ɗan ajinsu ta tare ni a bakin ƙofa, tana murna, wai in tambayo mata yadda ake dafa shinkafar nan mai ja, don ɗanta kullum ita yake ci, ya daina taɓa burodin da take sa masa. Na yi dariya tare da ita, amma a nan na gane abincin Abba ne ɗanta yake ci.

A cikin bas na tambaye shi a hankali. Yana kallon taga ya ce, "Kawu, cikina ne yake rufewa. In na dawo da shi Umma ba za ta ji daɗi ba."

An gaya mini a ofis cewa ana tambayarsa ko lafiya, yana cewa lafiya. Ranki ya daɗe, ɗanmu ne. Ko zazzaɓi ke kaɗa shi, in babba ya tambaye shi lafiya zai ce. Ba daga bakinsa za ku ji ba, sai kun dubi robarsa lokacin da yake buɗe ta.

Na huɗu, yawon da na sha. Sau uku ina zuwa ofis. An ce takarda ta ce sha biyu. An ce maganin a kulle yake, sai mutum biyu sun sa hannu, ƙarfe ɗaya kuwa ɗayarsu tana hutu. GP, wato likitan unguwarmu, ya ce ba shi ya rubuta ba. Asibitin Birmingham suka ce a waya ai mun koma Manchester. Na Manchester suka ce muna kan layin jira. Na ɗauki hutun kwana ɗaya, na hau mota tun da safe zuwa Birmingham, na zauna a benci har la'asar, na samo wasiƙa daga likitar da ta fara rubuta maganin. Ta rubuta ƙarara: a ba shi bayan ya ci abincin rana. Na kawo ofis ranar Litinin ina ganin an gama. Aka duba, aka ce wasiƙar ba ta faɗi ƙarfe nawa ba, fom ɗinsu kuwa yana da gurbin lokaci, ba a barin sa babu komai. Yau mako uku ke nan, har yanzu sha biyu ake ba shi.

Ni mutum ne mai haƙuri, a wurin aiki ma tsokanata ake yi da haka. Amma GP ya auna Abba, ya ragu da kilo biyu. Ya ce zai sake aunawa ƙarshen watan nan, in ya ci gaba da sauka za a tsayar da maganin. In aka tsayar, ku ne za ku fara kiran uwarsa ta zo ta ɗauke shi, kamar yadda aka yi a can. Wato sai mu zaɓa tsakanin cikinsa da karatunsa, saboda minti saba'in da biyar.

Abin da nake roƙo bai da yawa. Ki karanta wasiƙar likitar da idonki. Ki sa a mayar da maganin ƙarfe ɗaya da kwata, ko kuma a bar shi ya ci abincinsa kafin sha biyu a wani gefe. A kuma samu babba ɗaya da zai riƙa duba ko ya ci. Duk yaron da ya zo muku da takardar magani daga wata makaranta, a tambayi iyayensa ƙarfe nawa ake cin abinci a can.

In duk wannan ya gagara, na riga na yi magana da ogana, ya mayar da hutuna ƙarfe ɗaya. Uwarsa za ta sa hannu ta janye izinin ba shi magani a ofis. Daga Litinin zan zo da ƙwayar a aljihuna, in jira ya gama ci, in ba shi da hannuna, in koma bakin aiki da gudu. Ƙofa kawai nake so a buɗe mini. Mu kuma a gida mun gaya masa ya dawo da duk abin da ya rage, ba mai yi masa faɗa.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya sauƙaƙa miki nauyin yaran mutane da ke wuyanki, ya raya miki naki. Ina jiran amsa kafin Litinin.

Wassalam,

Kawun Abba,
Cheetham Hill, Manchester.