Gayyar Da Aka Yi Saboda Ummulkhairi

Maruta, Gwaram
14 ga Oktoba, 1979

Zuwa ga Yaya Hadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, da fatan ruwan Fatakwal bai jiƙa ka har ka manta hanyar gida ba. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, faɗa kuwa ko kaɗan bai ragu ba. Gero ya yi kyau bana, dawa ma ta fitar da kai.

Na san zuciyarka tana kan 'yarka Ummulkhairi, 'yar wajena. Ka tuna yadda Allah ya halicce ta, da 'yan ƙananan idanu da jinkirin magana, shekara shida amma sai ta rungume duk wanda ya shigo gida. Da bazara ta fara zazzaɓi, ta ɗashe, dasashinta yana jini. Daga asibitin Birnin Kudu aka tura mu Zariya, aka ce ciwon daji ne na jini. Likita ya gaya mini yara masu irin halittarta sun fi saurin kamuwa da shi, kuma maganin yakan wahalar da su, don haka kaɗan-kaɗan ake ba ta. Gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo. Wallahi Yaya na ji tsoro, mahaifiyarta Batulu kuwa ta daina cin abinci.

Sai aka ce dole a riƙa ƙara mata jini. Jinina aka yi ta ɗiba har aka ce ba za a ƙara taɓa nawa ba. Na dawo gida tsakiyar damina neman mutane, kowa ya sunkuyar da kai. Ba ƙeta ba ce. Sun yarda cewa wanda aka ɗebi jininsa ba zai iya riƙe fartanya ba sai baɗi, ga ciyawa ta taso wa gero. Ban ga laifinsu ba, amma raina ya ɓaci. Malam Hambali limaminmu ne ya kwance ƙullin. Bayan sallar Juma'a ya ce tunda ƙarfin noma ake tsoron rasawa, duk wanda ya je Zariya a yi wa gonarsa gayya. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Mutum tara suka bi ni, gari ya fita da makaɗi aka nome gonakinsu cikin kwana uku. Maikano, abokin kokawarka, shi ya fi kowa cika baki a mota, da ya ga allura sai salati. Kwana biyu da dawowarsa aka gan shi yana huɗa, yanzu tsiyar da ake masa ke nan.

Yau Ummulkhairi tana gida, tana cin tuwo, gashi ya fara tsirowa. Likita bai ce ta warke ba, ya ce ciwon ya kwanta, za mu riƙa komawa duk wata. Mun gode Allah da wannan. Sai dai bayan Babbar Sallah za a sake buƙatar jini, lokacin kuma kaka ce, ba zan sake ɗauke mutane daga girbi ba. Atamfar da ka aiko ta iso, mun gode. Amma abin da muke nema gare ka yanzu ba ya shiga gidan waya. Ka nemi hutu ka zo da hannunka.

Ka gaida Yaya Safiyatu da su Hapsatu. Inna da Batulu suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Nuru