Muryar Inna a kaset ɗin Baba

Ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yara, yaya ƙafar maigidanki? Allah Ya sa kuna lafiya a Maraɗi.

Ina nan Greensboro, da diflomata da furfurata, ina ɗaukar kwali a sito. Na daɗe da daina yabon mutane, amma yau zan yabi Desmond, dattijo ɗan Jamaika da muke aiki tare. A dā faifan waƙa yake haɗawa a ƙasarsu. Gwanintarsa ita ce ya danne muryar mawaƙi, ya fito da kiɗan da ke ƙarƙashinta.

Kaset ɗin da Baba ya aiko mini kafin rasuwarsa ya fara lalacewa, na ji tsoron rasa muryarsa. Desmond ya gyara shi, sannan ya ce, "Malam, akwai mace a bayan tsohon nan." Ya rage muryar Baba. Rabi, Inna ce! Tana daka, tana yi miki faɗa kin bar tuwo ya ƙone. Ashe muna da muryarta.

Na ba Alhaji Sani kwafi ya kawo miki. Ki zauna kafin ki kunna. Ku yi musu addu'a, ku haɗa da Desmond. Gaishe da kowa.

Yayanki,
Isuhu